Dorugu

Dorugu Kwage Adamu (an haife shi wajajen shekarar 1840, ya rasu a shekarar 1912), wanda kuma aka sani da James Henry Dorugu, Bahaushe ne matafiyi, tafinta kuma malamin makaranta, ɗan asalin ƙasar Damagaram. An kama shi bawa tun yana yaro, aka 'yanta shi a Kukawa, ya bi Bajamushen nan mai yawon bincike Heinrich Barth har Tumbuktu, sannan ya ƙetare Sahara tare da shi zuwa Turai a shekarar 1855. Ya zauna a Ingila kimanin shekara takwas, inda ya koyi Turanci da karatu da rubutu a gidan James Frederick Schön.

Dorugu yana cikin Hausawan farko da suka iya Turanci sosai, kuma yana cikin na farko da suka karanta Hausa suka rubuta ta da haruffan boko. Labarai da kalmomin da ya ba Schön su ne suka zama ginshiƙin littafin nahawun Hausa na 1862 da ƙamus ɗin Hausa da Turanci na 1876. Tarihin rayuwarsa, wanda ya faɗa da bakinsa aka rubuta, yana cikin dogayen rubuce-rubucen zube mafi daɗewa da ake da su a harshen Hausa.

Asali da ƙuruciya

An haifi Dorugu a wani ƙauye da ake kira Dambanas, kusa da garin Kance, a yankin Damagaram wanda yanzu yake cikin Jamhuriyar Nijar. Mahaifinsa, Kwage Adamu, manomi ne kuma makaɗi. A wancan zamani masarautar Damagaram, mai hedkwata a Zinder, tana ƙarƙashin daular Borno, tana kuma iyaka da ƙasashen Daura da Katsina da Kano waɗanda ke bin Sakkwato. Zama a irin wannan bakin iyaka yana da haɗari ƙwarai, domin mahara sukan faɗa wa ƙananan garuruwa su kwashi mutane su kai kasuwa.

Abin da aka sani game da ƙuruciyarsa daga bakinsa ya fito. Ya ba da labarin noma da yunwa da rashin lafiya da gudun hijira a ƙauyensu, da kuma yadda aka kama mahaifiyarsa kafin a zo kansa.

Bauta da samun 'yanci

Kafin ya balaga, mayaƙan Borno suka kama shi a wani hari, aka kai shi Zinder. Daga nan ya yi ta sauya hannu har ya isa Kukawa, babban birnin Borno a zamanin Shehu Umar, inda ya kasance a hannun wani Balarabe ɗan kasuwa.

A daidai lokacin ne wani ayarin bincike da gwamnatin Ingila ta turo ya iso Borno. Ayarin ya taso daga Tarabulus a shekarar 1850 da Turawa uku: James Richardson, Ba'ingile, da Jamusawa biyu, Heinrich Barth da Adolf Overweg. Richardson ya rasu a hanya a watan Maris na 1851, kafin ya kai Kukawa. Dorugu ya fara yi wa Overweg aiki yana kula da raƙuma, daga baya Overweg ya fanshe shi ya 'yanta shi, shi da wani yaro ɗan ƙabilar Margi mai suna Abbega. Da Overweg ya rasu a bakin Tafkin Cadi a watan Satumba na 1852, sai yaran biyu suka koma hannun Barth a matsayin 'ya'ya masu aikin lada.

Tafiya tare da Barth

A ƙarshen watan Nuwamba na 1852 Barth, wanda mutanen ƙasar suka sani da suna Abdulkarim, ya bar Kukawa ya nufi yamma, Dorugu da Abbega suna cikin ayarinsa. Sun bi ta Zinder da Katsina, suka isa Wurno da Sakkwato a zamanin Sarkin Musulmi Aliyu Babba, suka wuce Gwandu, suka ƙetare kogin Kwara a garin Say. Sun shiga Tumbuktu ranar 7 ga Satumba 1853. A can Barth ya zauna wata da watanni cikin barazana, Shaihu Ahmad al-Bakka'i na gidan Kunta ne ya ba shi mafaka.

A shekarar 1854 suka juyo. Sun sake bi ta Sakkwato, suka iso Kano a watan Oktoba, lokacin da labari ya riga ya bazu har Turai cewa Barth ya mutu. Sun koma Kukawa a watan Disamba. A watan Mayu na 1855 suka kama hanyar Sahara ta Bilma da Murzuk, suka isa Tarabulus a ƙarshen watan Agusta. Daga can suka shiga jirgin ruwa zuwa Malta da Marseille, suka ratsa Faransa ta Paris, suka sauka Landan ranar 6 ga Satumba 1855.

Duk tsawon wannan tafiya Dorugu bai buƙaci Turanci ba, saboda Barth yana jin Larabci da Hausa da Barbarci. Hasali ma Barth shi ne mai tara kalmomi a hanya: duk inda ya sauka yakan rubuta jerin kalmomin harshen mutanen wurin, abin da ya buga daga baya tsakanin 1862 da 1866. A cikin littafin tafiyarsa mai juzu'i biyar, wanda ya fito a 1857 da 1858, akwai zanen hoton yaran biyu, kuma ya rubuta sunan Dorugu da siffar Dyrregu.

Zuwa Jamus da Ingila

Bayan ɗan zama a Landan, Barth ya tafi da yaran Jamus, suka ziyarci danginsa a Hamburg, suka kuma je Berlin, sannan suka dawo Ingila. Niyyar Barth ita ce a mayar da su gida, an kuma shirya musu jirgi a farkon shekarar 1856. Sai dai kafin su tashi, James Frederick Schön ya nemi su tsaya su taimaka masa da aikin da yake yi a kan Hausa, suka kuwa tsaya. Wannan abu bai yi wa Barth daɗi ba, ya kuma jawo tsamin dangantaka tsakaninsa da Schön.

Schön Bajamushe ne, an haife shi a 1803. Ɗan mishan ne na ƙungiyar CMS, ya yi aiki a Saliyo tun daga 1832, ya kuma shiga ayarin kogin Kwara na 1841 tare da Samuel Ajayi Crowther. Ya fara koyon Hausa ne daga bakin 'yantattun bayi Hausawa da ke zaune a Freetown, har ya buga ɗan littafin kalmomin Hausa a 1843. Rashin lafiya ta sa ya bar Afirka, ya zama limamin coci a asibitin sojojin ruwa na Melville da ke Chatham, a lardin Kent. Bai taɓa taka ƙasar Hausa ba. Saboda haka samun yaro ɗan ƙasa, wanda ya tashi da harshen kuma bai daɗe da rabuwa da shi ba, babbar dama ce gare shi.

An yi wa yaran biyu baftisma a 1857. Dorugu ya karɓi suna James Henry, Abbega kuma Frederick Buxton. Abbega ya koma Afirka a wannan shekara, Dorugu ya ci gaba da zama a gidan Schön.

Koyon Turanci da aikin tara kalmomi

Zaman Dorugu da Schön musaya ce ta harshe biyu: Bature yana neman Hausa, Bahaushe yana neman Turanci, kowa malamin ɗan'uwansa. Schön ya rubuta cewa yaron, wanda ya ƙiyasta shekarunsa 16 ko 17, yana da kuzari da son magana, Hausarsa kuma tsantsa ce mai daɗi. Ya ce yakan zauna yana yi masa shifta na sa'o'i, wani lokaci har tsakar dare, ta yadda cikin ɗan lokaci ya tara shafuka ɗaruruwa na Hausa. Ya kuma bayyana cewa a cikin 'yan Afirka da suka zo Ingila bai ga wanda ya fi shi amfani ga irin wannan aiki ba.

Turancin Dorugu ya ginu ne ta hanyoyi uku da suka haɗu a gida ɗaya.

Hanya ta farko ita ce ta kunne. Yana zaune cikin iyali da gari inda, in ka cire Schön, ba mai jin Hausa, musamman bayan tafiyar Abbega. Sunayen abinci da tufafi da kayan ɗaki, gaisuwa da aike da ciniki, duk sai da Turanci. Kalmar da aka koya ta wannan hanya tana zuwa ne tare da abin da take nufi da kuma wurin da ake faɗarta.

Hanya ta biyu ita ce ta karatu. Ya koyi haruffan Turawa, ya iya karanta Turanci da kuma Hausar da Schön ke rubutawa da waɗannan haruffa. Karatu yana kawo kalmomin da ba a cika ji a hira ba, kuma yana ba mai koyo damar komawa kan kalma sau da yawa har ta zauna.

Hanya ta uku ita ce ta fassara, kuma ita ce ta bambanta shi da sauran baƙin da suka koyi Turanci a Ingila. A shekarun da yake gidan, Schön yana fassara sassan Baibul zuwa Hausa yana kuma shirya nahawu da ƙamus. Irin wannan aiki yana tilasta wa masu yinsa su tsaya a kan kowace kalma su daidaita ma'anarta a harsunan biyu. Kafin Dorugu ya ba da kalmar Hausa da ta dace, dole ya fahimci abin da ta Turancin ke nufi a wannan jimla, kuma kafin Schön ya rubuta fassarar kalmar Hausa, dole a nuna masa duk fuskokinta.

Wahalar aikin tana fitowa fili idan aka duba yadda kalmomin harsunan biyu ba sa hawa kan juna daidai. Bahaushe yana cin abinci, yana cin nasara, yana cin bashi, yana cin amana, yana cin kasuwa, duk da aikatau ɗaya, alhali Turanci yana da kalma dabam ga kowanne. A ɗaya gefen kuma, inda Bature ke amfani da aikatau ɗaya ga duk abin da aka sa a jiki, Bahaushe yana sa riga, ya naɗa rawani, mace ta ɗaura zane ta yafa mayafi. Haka abin yake a sunayen dangi: kawu da baffa suna ɗaya gare su a Turanci, wa da ƙane ma haka, sai an ƙara bayani. Wanda ya haddace jerin kalmomi kawai, wannan gefe Turanci wancan gefe Hausa, zai yi ta tuntuɓe a irin waɗannan wurare. Wanda ya ga kalma cikin jimla, ya juya ta zuwa harshensa, ya sake juyo ta, shi ne yake gane iyakarta. Malaman koyar da harshe na yau suna ba wa koyon kalma cikin muhallinta muhimmanci saboda wannan dalili.

Akwai kuma abubuwan da a lokacin Hausa ba ta da sunansu, domin Hausawa ba su san su ba. A labarinsa Dorugu ya yi bayanin abubuwan da ya gani a Turai ga mai sauraro Bahaushe, yana kwatanta baƙon abu da sananne. Sashen da ya fi shahara shi ne wanda ya siffanta liyafar cin abincin dare a gidan Turawan Ingila: yadda ake shigowa, yadda ake zama, yadda ake kawo abinci kashi-kashi, da irin tufafin mata. Ya kalli Turawa da idon baƙo mai lura, kamar yadda Barth ya kalli mutanen Kano da Sakkwato.

Littattafan da ya taimaka aka samar

Ayyukan Schön a kan Hausa bayan 1856 sun dogara ƙwarai a kan abin da ya samu daga Dorugu. Daga cikinsu akwai:

Ɗan littafin koyon karatun Hausa na 1857.

Fassarar Linjilar Matiyu a 1857, da wasu sassan Baibul kamar Luka da Farawa da Fitowa a shekarun da suka biyo baya.

Grammar of the Hausa Language, littafin nahawu na 1862.

Dictionary of the Hausa Language na 1876, ƙamus mai kashi biyu: Hausa zuwa Turanci da Turanci zuwa Hausa.

Magana Hausa na 1885, tarin tatsuniyoyi da karin magana da labarai, wanda a cikinsa aka buga tarihin rayuwar Dorugu da tafiye-tafiyensa. Charles Henry Robinson ya sake gyara littafin ya buga a 1906.

Saboda waɗannan ayyuka Schön ya sami kyautar Volney ta ƙasar Faransa a 1877, Jami'ar Oxford kuma ta ba shi digirin girmamawa a 1884. Ya rasu a 1889. Ya ambaci Dorugu ya kuma yaba masa a rubuce-rubucensa, amma bisa al'adar zamanin, sunan Bature ne a bangon littattafan a matsayin marubuci. Wannan abu ne da ya maimaitu a tarihin nazarin harsunan Afirka: 'yan ƙasa ne ke ba da kalmomi da misalai da gyara, amma ba safai ake lissafa su cikin marubuta ba.

Hausar Dorugu a idon masana harshe

Hausawa sun daɗe suna rubutu da ajami kafin zuwan Turawa, sai dai yawancin abin da ya tsira na farkon ƙarni na 19 waƙoƙi ne na addini, irin na malaman jihadi. Labarin Dorugu kuwa zube ne, maganar yau da kullum ta saurayi ɗan talakawa, kuma da karin harshen Damagaram. Wannan ya sa yake da daraja ga masu nazarin tarihin harshen.

Wata darajar ita ce lokacin da aka rubuta shi. An ɗauki labarin kusan shekara 50 kafin Turawan mulki su ci ƙasar Hausa, wato kafin kalmomin Turanci su kwararo cikin harshen. Kalmomin aro da suka yawaita a Hausar wancan zamani na Larabci ne, irin su littafi da alƙalami da alƙali da sabulu. Irin su mota da soja da likita da asibiti da tebur da benci da bokiti da direba sun bazu ne daga baya, ta bariki da makaranta da kasuwa. An kuma daidaita su da tsarin sautin Hausa, misali ta cusa wasali tsakanin baƙaƙen da suka haɗu ko ƙara wasali a ƙarshen kalma. Wasu baƙin abubuwa kuma ba a ari sunansu ba, sai aka ƙirƙira musu suna daga kalmomin gida, kamar jirgin ƙasa da jirgin sama da dusar ƙanƙara. Kwatanta rubutun Dorugu da Hausar yau yana nuna girman canjin da aka samu.

Rubutun yana da nasa rauni, wanda ya fito daga kunnen mai rubutawa. Schön ya yi amfani da tsarin haruffan da Karl Richard Lepsius ya shirya don harsunan da ba na Turai ba, amma bai bambanta sautukan da yanzu ake rubutawa da ɓ da ɗ da ƙ daga b da d da k yadda ya kamata ba. Wannan bambanci kuwa yana raba ma'ana, kamar tsakanin kafa da ƙafa, ko daka da ɗaka, ko bari da ɓari. Haka kuma bai nuna karin sauti da tsawon wasali bisa tsari ba, alhali su ne ke raba gari na zama da gari na tuwo. Haruffa masu ƙugiya sun shigo rubutun Hausa ne a shekarun 1930. Don haka mai karanta Magana Hausa a yau sai ya yi amfani da saninsa na harshen ya gane abin da Dorugu ya furta.

Komawa Afirka

Dorugu ya koma Afirka ta Yamma a shekarar 1864. Ya tarar da zamanin da jiragen Turawa suka fara yawaita a kogin Kwara da Binuwai, an kafa zango a Lakwaja, 'yan kasuwa da 'yan mishan da masu bincike suna neman hulɗa da sarakunan arewa. Mutumin da ke jin Hausa da Turanci, ya iya karatu da rubutu, ya kuma san halin Turawa, abin nema ne ga ɓangarorin biyu. Saboda haka ya rayu da aikin tafinta. Matafiyin nan Bajamushe Gerhard Rohlfs, wanda ya ratsa daga Tarabulus zuwa Legas tsakanin 1865 da 1867, ya gamu da shi a ƙasar Nufe a zamanin Etsu Masaba yana wannan aiki.

Abokin tafiyarsa Abbega ya zauna a Lakwaja, har ya zama sarkin garin a ƙarshen ƙarni na 19. Jikansa, Maimaina, shi ma ya yi wa Turawa tafinta a farkon mulkin mallaka, daga baya ya zama Sarkin Askira a ƙasar Borno.

Makarantar Nassarawa da rasuwa

Turawan Ingila sun ci Kano a watan Fabrairu na 1903. A shekarar 1909, zamanin Sarkin Kano Abbas, Hanns Vischer, wanda Hausawa suka laƙaba wa suna Ɗan Hausa, ya buɗe makarantar gwamnati ta farko a Arewa a unguwar Nassarawa, bayan ganuwar birnin Kano. Vischer haifaffen Basel ne a ƙasar Suwizalan, ya kuma ƙetare Sahara daga Tarabulus zuwa Borno a 1906, kusan hanyar da Dorugu ya bi da Barth shekara 51 kafin nan. Makarantar ta fara da horar da malamai, sannan aka ɗauki 'ya'yan sarakuna, aka kuma buɗe sashen sana'o'in hannu. Hausa ce harshen koyarwa, da haruffan boko.

A lokacin masu iya rubutun boko a cikin Hausawa ƙalilan ne. Dorugu, wanda ya riga ya tsufa, ya zama ɗaya daga cikin malaman makarantar, yana koyar da karatu da rubutu da haruffan da ya koya a Kent fiye da shekara 50 da suka wuce. A wannan zamani ne Vischer ya tsara ƙa'idojin rubutun Hausa da aka buga a 1912.

Dorugu ya rasu a Nassarawa a shekarar 1912. Matar Vischer, Isabelle, ta ambace shi a littafin da ta rubuta da Faransanci game da zamanta a Arewacin Nijeriya. Gidan da Vischer ya zauna, Gidan Ɗan Hausa, yana nan a Kano har yau a matsayin wurin tarihi.

Bayan rasuwarsa

Aikin ƙamus da aka soma a gidan Schön ya ci gaba a hannun wasu. Robinson ya fitar da nasa ƙamus a 1899 da 1900. G. P. Bargery ya buga babban ƙamus ɗinsa na Hausa da Turanci a 1934, mai kalmomi kusan 39,000, wanda ya nuna karin sauti da tsawon wasali. R. C. Abraham ya biyo baya a 1949 tare da Malam Mai Kano. A 1965 Neil Skinner ya fitar da Kamus na Turanci da Hausa, wanda aka yi domin Hausawa masu koyon Turanci, ba domin Turawa masu koyon Hausa ba. Paul Newman da Roxana Ma Newman sun shirya Sabon Ƙamus na Hausa zuwa Turanci a 1977 a Cibiyar Nazarin Harsunan Nijeriya da ke Kano, Roxana Ma Newman kuma ta buga ƙamus na Turanci zuwa Hausa a 1990. Waɗannan duka sun fi na 1876 inganci nesa ba kusa ba, amma shi ne ya share musu hanya.

Shi kansa labarin Dorugu ya daɗe a ɓoye cikin tsohon littafi mai wuyar samu da wuyar karantawa. A 1971 Anthony Kirk-Greene da Paul Newman suka fassara shi zuwa Turanci tare da bayanai, suka haɗa shi da tarihin Maimaina jikan Abbega, Jami'ar Yale ta buga da suna West African Travels and Adventures. Tun daga nan masana tarihi suke amfani da shi wajen nazarin bauta a tsakiyar Sudan, domin yana cikin shaidu kaɗan da suka fito daga bakin wanda aka bautar a yankin. Masu nazarin tafiyar Barth kuma suna samun labarin tafiyar daga idon yaron da ke jan raƙumi, ba na shugaban ayari kaɗai ba. Ga ɗaliban Hausa, ana ambaton Dorugu a darussan tarihin rubutun boko da samuwar zube, tare da Schön da Robinson da Vischer.

Kalmar boko, wadda ake kiran rubutun da Dorugu ya koyar da ita, an daɗe ana cewa daga kalmar Turanci mai nufin littafi aka aro ta. A 2013 Paul Newman ya kawo hujjojin da ke nuna cewa tsohuwar kalmar Hausa ce mai ma'anar abin da ba na gaske ba ko algus, wadda aka laƙaba wa karatun Turawa lokacin da ya shigo.

Duba kuma

Heinrich Barth
James Frederick Schön
Abbega
Hanns Vischer
Masarautar Damagaram
Rubutun boko
Rubutun ajami